Malamin da aka sallama cikin rufin asiri: nazarin ɗaukar ma'aikaci a wata makarantar kuɗi a Sakkwato

Lamarin da za a bi a nan misali ne na nazari. An harhaɗa shi daga irin abin da ke maimaita kansa a makarantun kuɗi, na boko da na Islamiyya, shi ya sa babu sunan makaranta, babu na malami, balle na yarinya. Abin da ake son gani shi ne ƙofar da mutumin ya bi ya shigo, da waɗanda suka bar ta a buɗe ba tare da sun yi nufin mugunta ba.

Yadda aka ɗauke shi

Makarantar tana cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen birnin Sakkwato. Da safe boko, firamare da ƙaramar sakandare, da yamma Islamiyya. Ɗalibai kusan 400, malamai 19, direba ɗaya, mai gadi ɗaya, da mata biyu masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Mai makarantar tsohuwar malama ce da ta yi ritaya, kowa Hajiya yake ce mata, kuma ba wanda zai zarge ta da rashin son yara. Gudanar da aikin yau da kullum yana hannun hedimasta.

Saura kwana 5 a dawo hutu a shiga zango na biyu, malamin lissafi ya samu aikin gwamnati ya ajiye alli. Duk wanda ya riƙe makarantar kuɗi ya san abin da wannan ke nufi: 'yan aji uku suna fuskantar jarrabawar fita, iyaye kuma ba sa biyan kuɗin zango su ga aji babu malami. Cikin wannan matsin wani uban yara ya zo da mutum. Masallaci ɗaya suke salla wajen wata huɗu, a sahun gaba ake samunsa, ba shi da hayaniya, ya ce yana neman aikin koyarwa.

Ya zo da kwafin takardar shaidar koyarwa ta NCE, da takardar tarihin aikinsa shafi ɗaya, da wasiƙar shaidar hali mai hatimi daga makarantar da ya baro a wata jiha maƙwabciya. Wasiƙar layi uku ce: ya yi aiki da su shekara biyu, yana da ƙwazo, suna yi masa fatan alheri. Hedimasta ya ba shi alli ya shiga aji minti 20. Ya iya lissafi, ya iya riƙe aji, babu musu. Da aka zo maganar albashi bai yi ciniki ba, ya ce, "Hajiya, duk abin da kunka ba ni, Allah shi sa albarka." Ranar Litinin ya fara aiki.

Abubuwa huɗu suna cikin takardun nan a fili, ba wanda ya tsaya a kansu. Tsakanin ranar da wasiƙar ta ce ya bar aiki da ranar da ya zo Sakkwato akwai wata 14 da babu bayanin inda ya yi su. A takardar NCE sunansa da na mahaifinsa ne, a takardar tarihin aiki kuma sunansa da na garinsu. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar Hausa, inda mutum ɗaya kan amsa sunan uba a makaranta, sunan gari a ofis, laƙabi a unguwa, amma dai ita ce hanya mafi sauƙi ta yanke alaƙa da abin da ya wuce. Na uku, wasiƙar shi ya kawo ta da hannunsa, ba a rubuta ta ga kowa ba, kuma ba a kira waɗanda suka rubuta ba. Na huɗu, ba a tambaye shi abin da ya raba malami mai ƙwazo irin wannan da garinsu har ya yarda da albashin da bai kai na da ba.

Wata bakwai

A zangonsa na farko babu abin da aka gani sai alheri. Makin 'yan aji uku ya tashi. Shi ya kawo shawarar a riƙa lesin kyauta bayan an tashi, tsakanin ƙarfe biyu da lokacin da 'yan Islamiyya ke fara zuwa. Lokaci ne da harabar makarantar ke yin tsit, musamman a zafin Maris da Afrilu da kowa ke neman inuwa. Hajiya ta ji daɗi ta sa masa albarka. Ba a rubuta sunayen masu tsayawa ba, ba a sanar da iyaye a rubuce ba, ba a ce wata malama ta riƙa zama ba.

Masu lesin sun fara su 12, suka koma 5, daga baya sau da yawa sai yarinya ɗaya, 'yar shekara 13, marainiya da ke hannun kakarta, wadda kuɗin makarantarta kan yi jinkiri. Sau biyu ya cika mata kuɗin littafi daga aljihunsa. Ya karɓi lambar wayar gidansu da sunan tura aikin gida. Masu irin wannan hali ba kasafai suke fara da abin da za a kama su ba. Sukan zaɓi yaron da ba shi da mai tsaya masa, su zama masu taimako a idon manya, su saba wa kowa ganinsu tare da yaron, su sa shi ya ji yana da bashin alheri a wuyansa, su haɗa shi da wani ƙaramin sirri su ga ko zai riƙe. Sai an wuce wannan gwajin ne ɓarnar ke zuwa.

Mutum uku sun lura da wani abu. Mai gadi ya ga ana tura ƙofar aji lokacin lesin. Ɗaya daga cikin masu abinci ta ga yarinyar tana kashe kuɗin da ta san kakarta ba ta da su. Wata malama ta ga yarinyar ta daina ɗaga hannu a aji, tana yawan cewa ciki na yi mata ciwo ranar da ake lissafi. Babu wanda ya yi magana. Mai gadi yana ganin ba huruminsa ba ne ya kai ƙarar malami. Mai abinci tana tsoron a hana ta wurin sana'a. Malamar tana tsoron a ce hassada take yi wa wanda Hajiya ke yabo, tana kuma tsoron alhakin zato. Kowannensu yana riƙe da guntu, babu wurin da aka ce a kai guntayen a haɗa.

Ƙawar yarinyar ce ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta je ta sami kakar. Da maganar ta iso ofis, abin da ya fara zuwa bakin manya shi ne abin da ke zuwa kusan ko'ina: a kira shi a yi masa faɗa, a biya shi albashin watan, ya tafi salin-alin, a rufa wa yarinya asiri saboda aurenta gaba, a rufa wa makaranta saboda sunanta. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ne ya ƙi. Ya ce a dakatar da shi, a kai yarinya asibiti, a sanar da hukuma, kuma kafin komai a kira makarantar da ya baro.

Samun lambar bai ɗauki awa biyu ba, ta hannun wani jami'in ilimi da ya san garin. Amsar farko da hedimastan can ya bayar ita ce, "Malam, ya yi aiki da mu, mun rabu lafiya." Da hedimasta ya faɗa masa abin da ya faru, sai aka yi shiru mai tsawo. Sannan maganar ta fito: su ma iyayen wata yarinya sun kawo kuka, an zauna da dattawa, aka shirya ya ajiye aiki da kansa, a ba shi takarda mai tsabta don kada a toshe masa hanyar abinci. Bayan su ya ɗan taɓa aiki a wata makarantar, ita ce wata 14 ɗin da ba ya son a gani.

Inda igiyar ta tsinke

Ya kamata a faɗi gaskiya kan takardu, domin nan ne masu makarantu ke yawan kwantar da hankalinsu. Da Hajiya ta nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake ɗaukar zanen yatsa kafin a bayar, da ta fito fes, domin abin da take nunawa shi ne ko mutum yana da tarihin laifi a kundin hukuma. Da ta duba rajistar masu laifin fyaɗe da lalata ta ƙasa, wadda dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, VAPP, ta tanada, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, kuma ta ƙaddamar a Nuwamba 2019, da ba ta ga sunansa ba, saboda maganarsa ba ta taɓa zuwa gaban hukuma ba. Haka Majalisar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993: tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan malami daga rajista, amma sai an kai mata ƙara. Duk waɗannan raga ce mai kama wanda aka riga aka kai ƙararsa. Mafi yawan masu ɓata yara kuwa ba a taɓa kai su ko'ina ba. Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai suka samu wani taimako. Wanda bai samu taimako ba, ina maganar wanda ya cuce shi ya shiga rajista?

Wannan ba yana nufin a bar duba takardun ba. A duba, ba su da wuya, kuma neman su kaɗai kan sa wasu su janye da kansu. Amma labarin mutumin nan ba ya cikin kundin gwamnati, yana cikin cikin hedimastan da ya sallame shi. Igiyar ta tsinke a wuri biyu: makarantar farko ta rubuta takardar da ta san ba ta faɗi gaskiya duka ba, ta biyu kuma ba ta ɗaga waya ba.

Ba mu kaɗai wannan ya ci ba. A Agusta 2002 mai kula da harabar wata sakandare a garin Soham na Ingila ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10. Binciken da Michael Bichard ya jagoranta, wanda rahotonsa ya fito a 2004, ya gano an sha kai ƙorafin mutumin ga 'yan sandan wani yanki tun kafin ya samu aikin, bayanan ba su bi shi ba, ya nemi aikin da wani sunan daban, kuma ba a bi diddigin shaidun da ya kawo ba. A Amurka kuwa al'adar sallamar malami a ɓoye da takarda mai kyau ta yi yawan da dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta wajabta wa jihohi su hana makaranta taimaka wa ma'aikaci samun wani aikin idan ta san, ko tana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton, ya yi lalata da ɗalibi.

A wurinmu abin da ke ɗaure bakin mutane ba tsoron lauya ba ne kawai, tsoron Allah ne da aka ɗora a inda ba wurinsa ba. Hedimastan makarantar farko ya yi imani cewa rufa asirin Musulmi lada ne, faɗin aibinsa kuma giba ce. Amma malamai sun daɗe da rarrabe wannan. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da faɗin aibin mutum ba ya zama giba, cikinsu akwai gargaɗin Musulmi daga sharri da ba wanda ya nemi shawara gaskiya. Daga cikin hujjojin akwai hadisin Faɗimatu bint Ƙais, wadda ta nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan masu neman aurenta, ya faɗa mata abin da ke tattare da kowanne. Bahaushe ma ya san wannan a aikace: ba a ba da 'ya sai an yi bincike, a tura mutum garin su yaron, a tambayi maƙwabta da abokan sana'a, kuma wanda aka tambaya ya ɓoye ana ganinsa maci amana. Abin mamaki, gidan da zai yi wata guda yana binciken mai neman 'ya ɗaya shi ne zai miƙa 'ya'ya 40 ga baƙo saboda an gan shi a masallaci. An ruwaito cewa wani ya zo yana wanke wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kun yi hulɗar kuɗi? Da ya amsa a'a ga duka, ya ce masa to ba ka san shi ba. Uban yaran da ya kawo malamin nan bai yi ƙarya ba. Abin da ya sani ya faɗa, sai dai abin da ya sani bai wuce sahun salla ba.

Abin da ya kamata a yi kafin a ba shi alli

Matakin farko fom ne na makarantar kanta, ba takardar da mai nema ya tsara yadda ya ga dama ba. Fom ɗin ya nemi duk sunayen da ya taɓa amsawa, da lambar NIN mai lamba 11, da duk wuraren da ya yi aiki aƙalla shekara 5 baya, wata da shekara, da sunan shugaban kowane wuri, da dalilin barinsa. Duk giɓin da ya wuce wata 3 sai ya yi bayani, kuma bayanin ya zama wanda za a iya tabbatarwa: noma, jinya, karatu, kasuwanci, a ina, wa ya sani. A ƙasa a sa tambaya kai tsaye: an taɓa yin ƙorafi a kanka game da mu'amala da ɗalibi, ko an taɓa sallamarka ko neman ka ajiye aiki saboda haka? Ya sa hannu cewa ƙarya a wannan fom dalilin kora ce, kuma ya yarda a tuntuɓi duk wuraren da ya lissafa. Mai laifi zai iya yin ƙarya, amma daga ranar makaranta ta samu hujjar rabuwa da shi ba tare da dogon turanci ba.

Sai takardu na asali, ba kwafi ba, a riƙe a hannu a gwada sunaye da ranar haihuwa da hoton katin ɗan ƙasa. Inda suna ya bambanta a nemi takardar rantsuwar kotu da ta haɗa su. Takardar NCE ko digiri ana iya tabbatar da ita a makarantar da ta bayar. Idan ta Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ce ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ai tafiyar cikin gari ce. A nemi lambar rajistarsa ta TRCN, a duba rajistar NAPTIP da kowane suna da ya bayar.

Kiran waya shi ne zuciyar aikin, kuma yana da ƙa'idojinsa, domin nan ake yawan kuskure. Kada a kira lambar da ke kan wasiƙar ko wadda mai nema ya bayar, tana iya zama ta abokinsa. A nemo lambar ta wata hanya: ofishin ilimi na ƙaramar hukumar da makarantar take, ƙungiyar masu makarantun kuɗi, ko wani malami da aka sani a garin. A kira wurin aiki na ƙarshe dole, da aƙalla wani wuri ɗaya kafinsa. A yi magana da shugaban da ya yi aiki ƙarƙashinsa, ba liman ko mai unguwa kaɗai ba, domin su ba su gan shi a aji ba. Kuma kada a tambayi "ya halinsa yake?", amsar ita ce "ba laifi" ko da wane ne. A yi tambayoyin da ba su da wurin zamewa. Ranka shi daɗe, wace rana ya fara, wace rana ya bari? Shi ya nemi tafiya ko ku kuka neme shi? Wani uba ko ɗalibi ya taɓa kawo kuka a kansa? An taɓa hana shi keɓewa da ɗalibai? Da zai dawo yau, za ku mayar da shi aji? Za ka bar 'yarka ta yi lesin a wurinsa ita kaɗai?

Tambayar ƙarshen nan ita ke karya shirun mutumin kirki. Wanda ba zai iya cewa "ya yi kaza" ba, da wuya ya iya cewa "eh" a kan 'yarsa. A saurari jinkiri, da "to, Allah dai ya kyauta", da "ni dai ba zan ce komai ba". A bakin Bahaushe waɗannan amsa ce. Mai kiran ya rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya yi magana da shi da abin da ya ce, a sa a fayil. Idan garin kusa ne, kamar Bodinga ko Wamakko ko Dange, zuwa da ƙafa ya fi waya, domin abin da ba a faɗa a ofis ana jin sa a wurin mai gadi.

Ganawar a yi ta da mutum uku, dole da mace a ciki, da wakilin iyaye idan ya samu. Gwajin koyarwa yana nuna iya aiki ne kawai. A ƙara da tambayoyin hali: ɗaliba ta turo maka saƙo da dare, me za ka yi? An tashi, yarinya ɗaya ta rage ba a zo ɗaukarta ba, kana da babur, fa? Ka ga abokin aikinka yana yawan keɓewa da yaro ɗaya? Amsar da ake so ita ce mai mayar da al'amari ga hukumar makaranta da iyaye. Wanda ya ce shi yara kamar abokansa ne, ko ya ce ƙa'ida ba ta da amfani idan zuciya tana da tsarki, a ƙara dubawa.

Duka wannan aikin kwana 3 zuwa 5 ne da kuɗin kati. Matsin da ya sa Hajiya gaggawa gaskiya ne, amma yana da magani: sabon malami na iya fara koyarwa da wata malama zaune a ajin har bincike ya kammala, babu lesin, babu riƙe lambar iyaye. Zango na farko ya zama na gwaji, a rubuce.

Kuma kada a tsaya kan malamai. Direban da ke sauke yaro na ƙarshe shi kaɗai, mai gadin da ke kwana a harabar, malamin hadda na yamma da aka ɗauka don kunyar malaminsa, uwar ɗakin kwana, ɗan bautar ƙasa, 'yan koyon aikin koyarwa, ɗan kabu-kabu da makaranta ta haɗa da iyaye, har ɗan uwan mai makaranta, duk fom ɗaya da kira ɗaya. A gaskiya wanda aka fi jin nauyin bincikarsa shi ne ya fi samun sarari. Mai makarantar kansa ma ba a ɗauke masa ba, kamar yadda lamarin da ya girgiza Kano a farkon 2022 ya nuna, inda mai makaranta ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na shekarar. Tantance wannan yana wuyan ma'aikatar ilimi mai ba da izinin buɗe makaranta. Tarihin garin nan ma bai bar mu babu abin koyi ba: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba kowace mace take naɗawa jaji ba, wato malamar da ke jagorantar karatun mata, sai dattijuwar da aka shaida, kafin a ba ta malfa ta jagoranci mata masu neman ilimi, wato 'yan taru.

Bayan ya shiga, da ranar da zai fita

Bincike ba ya kama wanda zai fara ɓarnarsa a wurinka. Don haka akwai ƙa'idoji kaɗan da kowane ma'aikaci zai sa wa hannu, a karanta wa iyaye da ɗalibai: babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya a rufaffen ɗaki, taga a buɗe ba labule, lesin sai da jerin sunaye da izinin iyaye a rubuce da babba na biyu, babu kyauta ga yaro ɗaya sai ta ofis, babu waya ko WhatsApp tsakanin malami da ɗalibi sai ta lambar iyaye. A naɗa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda kowa ya san su ne ake kai wa damuwa, har mai gadi da mai abinci, kuma a gaya wa ma'aikata cewa faɗin abin da ido ya gani ba ƙazafi ba ne. "Na ga an rufe ƙofa ranar Talata" labari ne, ba hukunci ba. Da akwai littafin da ake rubuta irin wannan, da guntayen nan uku sun haɗu tun wata na uku.

Idan ƙorafi ya zo, a saurari yaron sau ɗaya cikin natsuwa, a rubuta da kalmominsa, kada a haɗa shi gaba da gaba da malamin, kada a tara dattawa su yi ta maimaita masa tambaya. Asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai cikin awa 72 yake aiki. A Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru, wadda aka buɗe a 2020 don kula da waɗanda aka ci zarafinsu. A sanar da 'yan sanda. Jihar tana da dokar kare yara da dokar VAPP tata, waɗanda gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa wa hannu a ƙarshen 2021, don haka wannan laifi ne da ba a gama shi da sulhu a ofishin hedimasta. Asirin da ya wajaba a rufe shi ne na yarinyar: sunanta kada ya fita daga bakin waɗanda dole su sani.

Shi ma malamin yana da haƙƙi, kuma akwai malaman da aka yi wa sharri. Dakatarwa ba hukunci ba ce, a ba shi albashinsa yayin bincike, a ji ta bakinsa a rubuce, kada a sa hotonsa a Facebook. Idan an wanke shi a rubuta haka a fayil ɗinsa a fili. Amma idan ya ce zai ajiye aiki don a bar maganar, a karɓi takardarsa, bincike ya ci gaba, a kai rahoto ga TRCN da ma'aikatar ilimi. Game da takardar sallama, makaranta ba ta buƙatar rubuta zargin da ba a tabbatar ba, wanda zai iya jawo mata ƙarar ɓata suna. Ta rubuta abin da ya faru kawai: ya yi aiki daga rana kaza zuwa kaza, ya tafi ana cikin binciken ƙorafi kan mu'amalarsa da ɗalibi, mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofis. Fayil ɗin a ajiye shi a kulle, kuma ya rage a makarantar ko hedimasta ya canza.

A makarantar Hajiya maganar ta tafi hannun hukuma, yarinyar kuma kakarta ta mayar da ita wata makaranta, ta rasa zango guda. Iyaye 9 sun cire 'ya'yansu a makon farko, 6 sun dawo da su da suka ga yadda aka bi da lamarin. A hutun ƙarshen shekara hedimasta ya zauna da fayil ɗin ma'aikata 21 ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka shekara 8 a wurin. Bakwai ba su da komai a ciki sai kwafin takardar makaranta. Na direban kuwa babu shi sam, domin ɗan ƙanwar Hajiya ne, sai da aka buɗe masa sabo.